Rahoton bashi: Yadda za ka gano kuskuren da aka jingina wa sunanka da hanyar gyara shi

A Kantin Kwari da Kasuwar Singa a Kano, kamar sauran manyan kasuwanninmu, ana ɗaukar kayan miliyoyin naira bashi ba tare da an sa hannu a takarda ba. Abin da ke tsaya wa mutum shi ne sunansa da shaidar da abokan hulɗa ke yi masa. Idan wani ya yi masa ƙazafin cin bashi, kafin la'asar labari ya dawo kunnensa, ya je ya wanke kansa a gaban shugabannin kasuwa.

A banki ma suna ne ke tsaya wa mutum, sai dai a can rubutacce ne, kuma wasu ne ke rubuta shi a bayan idonsa. Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnatin da ya taɓa karɓar rance daga banki, ko ƙaramin banki, ko manhajar ba da rance ta waya, akwai yiwuwar an buɗe masa kundi da ke nuna nawa ya ci, yaushe ya biya, da nawa ya rage. Wannan kundi shi ake kira rahoton bashi. Idan kuskure ya shiga cikinsa, babu mai zuwa ya gaya maka. Yawanci mutum ba ya sani sai ranar da ya nemi jari ko rancen gina gida, aka ce masa sunansa yana da matsala.

Abin farin ciki shi ne doka ta ba kowa damar ganin abin da aka rubuta a kansa, da damar neman a gyara idan ba daidai ba ne.

Su wa ke rubuta rahoton?

Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisin tattara bayanan bashi a ƙasar nan: CRC Credit Bureau, da FirstCentral Credit Bureau, da CreditRegistry. Su ba sa ba da rance, ba su kuma da ikon cewa a ba wane ko a hana wane. Aikinsu shi ne karɓar bayanai daga masu ba da rance, su adana, su miƙa wa wanda doka ta yarda ya gani.

Dokar da ke tafiyar da wannan aiki ita ce Dokar Rahoton Bashi ta 2017, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayun shekarar, lokacin yana Muƙaddashin Shugaban Ƙasa. Ƙa'idar CBN kuma ta wajabta wa bankuna su duba rahoton mai neman rance daga aƙalla biyu cikin kamfanonin uku kafin su ba shi. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, su ma suna ƙarƙashin wannan tsari. Wanda aka saya wa kaya ko mota ta hanyar murabaha, yadda yake biya yana shiga kundinsa.

Igiyar da ke ɗaure bayanan wuri guda ita ce lambar BVN, mai alƙaluma 11, wadda aka ƙaddamar a 2014. Da ita ake gane cewa wanda ya ci bashi a wani banki a Sakkwato shi ne ke neman sabon rance a wani bankin a Abuja.

Al'amarin ya ƙara muhimmanci tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da hukumar CREDICORP a 2024 domin sauƙaƙa wa 'yan ƙasa sayen kayan buƙata bashi, inda aka fara da ma'aikatan gwamnati. Duk inda harkar rance ta faɗaɗa, tarihin biyan mutum ne abin da ake fara dubawa.

Abin da rahoton ya ƙunsa

Tsarin rahoton ya ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ginshiƙansa ɗaya ne. Da farko akwai bayanan mutum: suna, ranar haihuwa, adireshi, lambar waya, BVN da wurin aiki. Sai jerin basussuka, kowanne da sunan wanda ya bayar, ranar da aka karɓa, adadin kuɗin, abin da ya rage, da matsayinsa, wato ko ana biya a kan kari, ko an makara, ko an kammala. Akan kuma nuna bashin da mutum ya tsaya wa wani, da cek ɗin da ya rubuta ya dawo saboda babu kuɗi a asusu, da jerin waɗanda suka nemi ganin rahoton nasa.

Daga waɗannan bayanai ne ake fitar da maki, wanda ke taƙaita amanar mutum a lamba ɗaya. A ma'aunin CRC makin yana farawa daga 300 zuwa 850, kuma gwargwadon hawansa gwargwadon yardar da masu ba da rance za su yi da kai.

Wurin da ya kamata a fi zuba ido shi ne adadin kwanakin makara. A ƙa'idar CBN ga bankunan kasuwanci, bashin da ya haura kwana 90 ba a biya abin da ya kamata ba ya shiga sahun gurɓatattun basussuka. Idan ya wuce kwana 180 ya zama wanda ake shakkar dawowarsa, bayan kwana 360 kuma a ɗauke shi a matsayin asara. Ko naira dubu biyar ce ta maƙale, matuƙar ta daɗe haka, tambarin da za ta samu a rahoto ɗaya ne da na babban bashi.

Yadda za ka karɓi naka

Doka ta ba kowane mutum damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ana nema ta shafukan intanet na kamfanonin ko a ofisoshinsu, da BVN da katin shaida. Wanda ya manta lambarsa ta BVN zai iya danna *565*0# a layin da ya yi rajista da shi, za a cire masa ɗan kuɗi kaɗan. Idan ka riga ka karɓi na kyauta kana son wani a cikin shekarar, sai ka biya.

Ya kamata a nemi rahoton daga kamfanonin uku duka. Ba kowane mai ba da rance ne ke aika bayanai ga dukkansu ba, don haka rahoton wannan zai iya fitowa fes, na wancan kuma yana ɗauke da tabo. Idan banki ya hana ka rance bisa dalilin rahoto, ka tambayi jami'in da ke kula da takardunka wane kamfani ne ya fitar da shi, domin ka san inda za ka dosa.

Kurakuran da aka fi cin karo da su

Na farko shi ne bashin da aka biya amma har yanzu yana nuna ana bin mutum. Wannan kan faru idan mai ba da rance bai aika da sabon bayani ba, ko kuma wasu 'yan canji na caji suka rage bayan biyan ƙarshe, mai asusu bai sani ba, suka yi ta taruwa. Ɗan kasuwar da ya daina amfani da wani tsohon asusu ba tare da ya rufe shi a rubuce ba ya fi kowa shiga wannan tarko.

Na biyu ya fi shafar ma'aikata. Ana cire kuɗin rance daga albashi tun daga tushe, ta tsarin IPPIS ko ofishin biyan albashi na jiha, amma kuɗin ba ya isa hannun mai ba da rancen a kan lokaci. A misali, malamin makarantar da ake cire wa naira 40,000 duk wata, idan ofishin albashi ya riƙe kuɗin na wata huɗu bai tura ba, littafin banki zai nuna ana bin sa naira 160,000 kuma ya haura kwana 90, alhali ko sisi bai ci ba. Shi ya ga an cire, banki kuma bai ga an shigo ba. Hakan kan faru kuma idan aka yi wa ma'aikaci sauyin wurin aiki, ko sunansa ya faɗo daga jerin masu albashi lokacin tantancewa.

Na uku shi ne cakuɗa mutum biyu. A Arewa wannan ba abin mamaki ba ne. Masu suna Muhammad Abubakar ko Aisha Ibrahim ba sa ƙirguwa, kuma mutum ɗaya zai iya zama Mohammed a katin ɗan ƙasa, Muhammadu a takardar makaranta, Muhammad a banki. Da yawa suna amfani da sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe, kuma waɗanda ba a rubuta ranar haihuwarsu ba akan sa musu 1 ga Janairu. Idan tsohon bashi ne da aka ci kafin zuwan BVN, ko aka yi kuskuren alƙalami ɗaya wajen shigar da lamba, nauyin wani zai iya faɗawa kan wani.

Na huɗu, wanda ya fi muni, shi ne bashin da aka ci da sunanka ba da saninka ba. Sau da yawa yakan faro ne daga masu yawo suna karɓar BVN da lambar NIN da hotunan mutane da sunan rajistar tallafi, ko daga wayar da aka sace, ko tsohon layin da mutum ya yi watsi da shi alhali yana haɗe da asusunsa, kamfanin waya ya sake sayar wa wani. Alamarsa a rahoto ita ce sunan mai ba da rancen da ba ka taɓa hulɗa da shi ba, ko lambar waya da adireshin da ba naka ba, ko kuma ka ga wani kamfani ya duba rahotonka alhali ba ka nemi komai a wurinsa ba.

Na biyar shi ne bashi ɗaya ya fito sau biyu, ko adadinsa ya zarce gaskiya. Akan ga haka idan aka sake tsara yadda za a biya bashi, aka buɗe sabon lissafi ba a rufe tsohon ba, ko idan bashin ya sauya hannu daga wata cibiya zuwa wata.

Abin da ba kuskure ba ne

Kafin ka ɗauki alƙalami, ka tabbata abin da ka gani kuskure ne da gaske, domin akwai abubuwan da ke ba mutane mamaki alhali daidai suke.

Bashin da ka tsaya wa wani yana wuyanka. Idan ka sa hannu wa ƙaninka ko abokin aikinka ya karɓi rance, ya gaza biya, sunanka zai fito, kuma babu koken da zai cire shi sai an biya.

Rancen gwamnati ma bashi ne. Mutane da yawa sun ɗauki kuɗin da aka raba ta bankin NIRSAL lokacin annobar korona a 2020, ko na shirin noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, a matsayin rabon arziki. A takarda rance ne, kuma haka yake a lissafi.

Sauyin sunan banki shi ma ba ya kashe bashi. Wanda ya ci bashin Diamond zai iya ganinsa da sunan Access, domin bankunan biyu sun haɗe a 2019. Wanda Heritage ke bi kuma, tun da CBN ya soke lasisin bankin a watan Yunin 2024, hukumar NDIC ce ke karɓar bashin.

Haka nan, biyan bashin da aka makara a kansa ba ya shafe tarihin makarar. Abin da kake da haƙƙi a kai shi ne a nuna cewa ka kammala biya kuma ba a bin ka komai. Doka ta tanadi kamfanonin su riƙe bayanai na aƙalla shekara 6, don haka tabo na gaskiya sai dai ya dusashe da kyakkyawan biya a gaba.

Matakan neman gyara

Mataki na farko shi ne tara hujja. A wannan fage rantsuwa da kawo shaidun unguwa ba sa aiki, takarda ce ke magana. Ka nemi takardar yarjejeniyar rancen, da takardar shige da ficen kuɗi ta asusunka wadda banki ya buga wa hatimi, da rasitan biya, da saƙonnin da banki ya turo lokacin cire kuɗi. Ma'aikaci ya haɗa da takardun albashinsa na watannin da ake taƙaddama a kansu, in da hali ya samo wasiƙa daga sashen kuɗi na ma'aikatarsa mai tabbatar da cewa an cire. Idan bashin an riga an gama shi, takardar shaidar kammala biya ita ce uwar hujjoji.

Mataki na biyu, ka rubuta koke zuwa ga wanda ya ba da rancen. Wannan shi ne tushe, domin kamfanin tattara bayanai ba zai sauya lissafi da kansa ba sai wanda ya aiko masa da shi ya tabbatar. Wasiƙar ta zama gajeriya: cikakken sunanka, BVN, lambar asusun bashin kamar yadda ta fito a rahoto, abin da aka rubuta, abin da yake shi ne gaskiya, da abin da kake so a yi. Ka nemi a gyara a dukkan kamfanonin da aka aika wa bayanin, a kuma ba ka amsa a rubuce. Kwafin hujjoji za ka liƙa, ka riƙe na asali. Ka yi kwafi biyu na wasiƙar, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya, ka kuma karɓi lambar bin sawun koke. Faɗa wa manaja da baki, ko da abokinka ne, ba ya cikin lissafi.

Mataki na uku, a rana guda ka shigar da irin wannan koke ga kamfanin da ya fitar da rahoton. Doka ta ba da kwanakin aiki 10 a bincika a sanar da kai sakamako, kuma a tsawon binciken ana sa alama a rahoton cewa akwai jayayya a kan wannan bayani. Alamar tana da amfani, domin duk bankin da ya duba a lokacin zai san magana ba ta ƙare ba.

Idan bashin na damfara ne, akwai ƙarin aiki. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ka karɓi takardar shaida, ka yi takardar rantsuwa a kotu cewa ba kai ka ci ba, sannan ka buƙaci mai ba da rancen ya nuna asusun da aka tura kuɗin da lambar wayar da aka yi amfani da ita. Ka je bankinka ka cire duk tsohon layin da ke haɗe da BVN ɗinka. Kada ka biya ko kwabo daga bashin da ba naka ba don kawai a rabu da kai, domin za a iya ɗaukar biyan a matsayin amincewa.

Mataki na ƙarshe shi ne tabbatarwa. Masu ba da rance kan aika da sabbin bayanai ne wata-wata, don haka bayan an ce an gyara, ka ba da 'yan makonni ka sake karɓar rahoton, ka gani da idonka a kowane kamfani.

Idan aka yi biris da kokenka

Idan wa'adi ya cika ba a warware ba, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, magana ta koma gaban CBN, wanda ke da sashe na musamman na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Abin da za a fara tambayar ka shi ne shaidar cewa ka kai kuka ga bankin tukuna, kuma a nan ne wasiƙar nan mai hatimi da lambar bin sawu za su yi rana. Idan nan ma ba a dace ba, doka ta buɗe maka ƙofar kotu.

Idan matsalar daga manhajar ba da rance ce, musamman masu aika wa 'yan uwa da abokan mutum saƙonnin cin mutunci, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ce ke yi musu rajista tun 2022, kuma tana karɓar koke a kansu. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ita ma ta ba kowa haƙƙin a gyara bayanan da aka adana a kansa idan ba daidai ba ne, kuma hukumar NDPC ce ke kula da ita.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata a yi sanyin jiki ba. Tun watan Agustan 2020 CBN ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire kuɗin bashin da aka gaza biya daga asusun mutum da ke wasu bankuna, bisa izinin da ya sa wa hannu ranar karɓar rance. Idan littafin banki ya nuna ana bin ka bisa kuskure, abin zai iya wuce ɓata suna ya kai ga taɓa kuɗin da ka tara don sayen kaya.

Hattara da masu cewa za su goge suna

Duk inda ake da masu buƙata, 'yan damfara ba sa nisa. Akwai masu tallata kansu a Facebook da WhatsApp cewa za su cire sunan mutum daga jerin masu cin bashi idan ya biya su. Babu wanda ke da wannan iko. Bayanin gaskiya ba ya goguwa da cin hanci, na kuskure kuma kai da kanka za ka iya neman gyaransa. Abin da kawai za su samu shi ne kuɗinka da BVN ɗinka, wanda da shi za su iya ci maka wani sabon bashin.

Rigakafi

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi take, a Suratul Baƙara. Al'adarmu ta kasuwa ta ginu a kan yarda, amma hulɗa da banki tana buƙatar mu koma ga wannan tarbiyya ta rubutu da adanawa.

Duk ranar da ka gama biyan rance, kada ka bar maganar sai ka karɓi takardar shaidar kammalawa. Asusun da ba ka buƙata ka rufe shi a rubuce. Ma'aikaci ya riƙa adana takardun albashinsa, ya kuma riƙa tambayar mai ba da rance ko abin da aka cire ya iso. Kafin ka tsaya wa wani, ka tambayi kanka ko za ka iya biya idan ya gaza. BVN da lambar sirrin da banki ke turowa ta waya kuma ba abin bai wa kowa ba ne.

Sannan ka ware lokaci guda a shekara don karɓar rahotonka, ko da ba ka da niyyar cin bashi. Ɗan kasuwar da ke son jarin kayan azumi da sallah, ko ma'aikacin da ke shirin neman rancen gida, ya duba nasa wata biyu ko uku kafin ya shigar da takarda. Kuskuren da aka gano da wuri wasiƙa ɗaya da 'yan makonni kan ishe shi. Wanda aka gano ranar da kaya suka iso ana jiran kuɗi kuwa, kafin a gyara shi kasuwa ta tashi.